Mahaifiyata ta ce kada a sa wa jikanta Istifanus

Anti, barka da aiki. Ina da ciki wata takwas, haihuwar fari, hoton asibiti kuma ya nuna namiji ne. Maigidana ya ce in Allah ya sauke ni lafiya sunan mahaifinsa zai mayar, wato Istifanus. Marigayin malamin makaranta ne, ya rasu da tsufansa. Ni ban ga laifin haka ba. Amma da mahaifiyata ta ji, sai ta ɗora hannu a ka, ta ce muddin tana da rai ba za a sa wa jikanta sunan wanda aka jajjefe da duwatsu ba, domin suna linzami ne. Tana da dalili: ƙanenta da ta goya ya mutu a wani rikici shekarun baya, har yau ba ta warke ba. Maigida ya ce camfi ne, ya daina zuwa gaishe ta. Ita kuma ta ce in aka sa sunan ba za ta zo mini jego ba. Ni ce a tsakiya, barci ya gagare ni. Mene ne ma'anar sunan nan, daga ina ya fito, kuma da gaske suna yana jan mutum zuwa ƙaddarar mai shi?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

'Yata, sannu da fama, Allah ya raba lafiya. Mai ciki wata takwas bai kamata a bar ta tana kwana ido biyu a kan rigimar manya ba, don haka bari in fara sauke miki kayan da ya fi saurin sauka. A cikin ma'anar Istifanus babu dutse, babu jini. Sunan nasara ne.

Asalinsa Helenanci ne, harshen mutanen Girka, wanda da shi aka rubuta Sabon Alkawari. A wurinsu "stefanos" kambi ne da ake saƙawa da ɗanyen ganye a zagaye kan mutum da shi don girmamawa. A wasannin Olimfiya da suke yi duk shekara huɗu, wanda ya zo na ɗaya a tsere ko kokawa reshen zaitun ake lanƙwasawa a ɗora masa a ka, ya koma garinsu ana yi masa waƙa. In kina bin kokawar gargajiya ta Nijar, kin san darajar takobi a hannun wanda ya kayar da kowa; to matsayin kambin ke nan a wurinsu. Suna kuma ɗora shi a kan wanda ya yi wa gari hidima, da kan ango da amarya. Har yau a cocin Girkawa, ranar ɗaurin aure ana ɗora wa ma'aurata kambi biyu da aka haɗa da zare ɗaya, sunan kambin kuma daga wannan kalma ya fito.

Sunan ya girmi ikkilisiya nesa ba kusa ba. Fiye da shekara 300 kafin haihuwar Yesu akwai masu amsa shi a birnin Atina, yana nan cikin jawaban shari'o'insu da suka rage. Ke nan ranar da iyayen Istifanus na Littafi Mai Tsarki suka raɗa masa suna, fatan ɗaukaka suka yi wa ɗansu, irin wanda kowace uwa take yi. Mu kuma ya iso mana da lafazin Larabci, yadda Kiristocin Masar da Sham suke faɗa, hanyar da sunayen Bitrus da Bulus da Yohanna suka biyo. Shi ne Sitibin a bakin masu Turanci, Etiyen a wurin masu Faransanci, Estifanos a Habasha.

Yanzu ga mutumin kansa. Ina so ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 6 da 7 ki karanta da idonki, domin yawancinmu ƙarshen labarin kawai muka riƙe, tun daga makarantar Lahadi inda ake nuna hoton mutum a durƙushe ana jifarsa. Alhali a wurin rabon abinci labarin ya faro. Ikkilisiyar Urushalima ta yi yawa, cikinta akwai Yahudawan gida masu harshen ƙasar, akwai kuma waɗanda suka tashi a ƙasashen waje suka dawo da Helenanci a baki. Kowace rana ana raba abinci ga matan da mazansu suka mutu, sai gunaguni ya tashi cewa ana tsallake gwaurayen masu Helenanci. Ki tsaya ki dubi abin da kyau. Tsohuwa ce baƙuwa, mijin da ya kawo ta garin ya rasu, ba ta jin yaren masu rabo sosai, ta miƙa ƙwarya an wuce ta, ta koma ɗaki da ƙwaryarta wayam. Duk wadda ta taɓa tsayawa a kan tukunya ranar taron zumuntar mata ta san irin wannan ƙorafi yana iya raba coci gida biyu.

Manzanni goma sha biyun suka tara jama'a, suka ce a zaɓo mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu aikin. Sunan da ya fara fitowa a jerin shi ne Istifanus, sai Filibus, har zuwa na bakwai, Nikolas mutumin Antakiya, wanda ba a haife shi Bayahude ba, shiga addinin ya yi. Dukansu sunayen Helenanci gare su, abin da ya sa masana da yawa suke ganin daga ɓangaren da aka yi wa rashin adalci aka zaɓo su. Aka yi addu'a, aka ɗora musu hannu. Daga nan ne coci-coci da dama suke ɗauko asalin aikin dikin. Aikin farko da aka san Istifanus da shi ke nan: ya tabbatar tsohuwar da ba ta da kowa ta ci abinci. Wannan nake so ya fara shiga kunnen mahaifiyarki.

Bai tsaya a rabon abinci ba. Yana wa'azi, ana ganin al'ajibai ta hannunsa, sai mutanen wata majami'a da ake kira ta 'Yantattu, tare da Yahudawan Kurane da Iskandariya da Kilikiya da Asiya, suka shiga muhawara da shi. Da suka kasa kayar da shi a magana, suka nemo masu shaidar zur, suka gurfanar da shi gaban Majalisar shugabannin Yahudawa da zargin yana zagin Musa da Haikali. Amsar da ya bayar ita ce jawabi mafi tsawo a littafin gaba ɗaya. Ya ɗauko tarihi tun daga kiran Ibrahim, ya bi ta kan Yusufu da 'yan'uwansa suka sayar, da Musa da mutanensa suka ƙi, har zuwa Sulemanu da ya gina Haikali, sannan ya ce Maɗaukaki ba ya zama a gidan da hannun mutum ya gina. Ya rufe da faɗa musu ido da ido cewa kakanninsu sun tsananta wa annabawa, su kuma sun kashe Mai Adalcin da annabawan suka yi shelar zuwansa, wato Yesu. Suka toshe kunnuwa, suka ja shi bayan gari. Masu shaida suka tuɓe rigunansu suka ajiye a gaban wani saurayi mai suna Shawulu. Ana jifa yana addu'a. Ya miƙa ruhunsa ga Ubangiji Yesu, ya durƙusa, ya roƙa da babbar murya kada a ɗora musu alhakin wannan zunubi. Masana tarihi suna sa abin wajajen shekara ta 34 zuwa 36.

Ban rage miki komai ba. Mutuwa ce mai zafi, mahaifiyarki ba ƙirƙiro ta ta yi ba, kuma shi ne shahidi na farko a tarihin ikkilisiya. Sai dai ki lura, tun yana goye yake ɗauke da sunan nan lafiya lau. Abin da ya kai shi bayan gari gaskiyar da ya faɗa ce a gaban masu iko, yana sane da abin da za ta jawo. Bayansa tsanani ya tashi, masu bi suka watse, Filibus ya sauka Samariya, wasu suka kai Finikiya da Kubrus da Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista. Saurayin nan mai gadin riguna shi ya zama manzo Bulus, kuma bayan shekaru masu yawa, a sura 22, yana nan yana tuna ranar da ya tsaya ana zubar da jinin Istifanus.

To, suna linzami ne? Karin maganar tana da gaskiyarta, ban raina ta ba. Yaro yana tasowa yana jin labarin mai sunansa, ana ce masa "mai sunanka ba ya ƙarya," sai ya ji kunyar yi. Ta wannan hanya suna yana jan mutum, shi ya sa ake wahalar neman mai kyau. Amma a ce suna yana ɗauke da irin mutuwar da mutum zai yi, wannan Littafi Mai Tsarki bai koyar ba. Cikin manzanni goma sha biyu akwai Yahuza biyu. Suna ɗaya, ma'anarsa yabo. Ɗaya ya sayar da Ubangijinsa a kan azurfa 30, ɗayan yana cikin masu addu'a a bene bayan an ɗauke Yesu zuwa sama. Ina linzamin ya ja su wuri ɗaya? Ga kuma Yabez a 1 Tarihi sura 4, wanda uwarsa ta raɗa masa sunan wahala saboda zafin haihuwarsa. Littafi ya ce ya fi 'yan'uwansa daraja, ya roƙi Allah ya tsare shi daga masifa, Allah kuwa ya amsa masa.

In da za a bi ma'aunin mahaifiyarki, da sunaye kaɗan za su rage a coci. Yohanna Mai Baftisma fille masa kai aka yi a kurkuku. Yaƙub ɗan'uwan Yohanna, Hirudus ya sa aka kashe shi da takobi. Bitrus da Bulus, bisa tarihin da ikkilisiya ta riƙe tun farko, a Roma aka kashe su zamanin sarki Nero. Na tabbata a danginku ba a rasa Bitrus ko Bulus mai furfura, jikoki na hawa masa baya.

Masu sunan Istifanus ma haka. A Koranti akwai Istifanas, wanda sunansa reshen wannan ne. Gidansa ne na farko da suka ba da gaskiya a ƙasar Akaya, Bulus da hannunsa ya yi musu baftisma, ya kuma yabe su da cewa sun ba da kansu ga hidimar tsarkaka. Sarkin Hungari na farko a wurin baftisma ya karɓi sunan, aka naɗa shi wajajen shekara ta 1000, ya yi mulki har ya rasu a 1038 bayan jinya, ƙasar kuma har yau tana hutu ranar 20 ga Agusta saboda shi. Coci-coci da yawa suna tunawa da shahidin ranar 26 ga Disamba, kashegarin Kirsimeti, a tsakiyar murna.

Akwai labarin da yake taɓa ni ƙwarai, kuma a nahiyarmu ya faru. A shekara ta 415 aka ce an gano kabarin Istifanus kusa da Urushalima, daga nan aka gina ɗakunan tunawa da shi a wurare da yawa, har da Afirka ta Arewa. Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta cewa a wata gona da ke yankin wani ƙaramin yaro yana wasa a tsakar gida, shanun da suke jan amalanke suka kauce hanya, ƙafar amalanken ta bi ta kansa. Uwarsa ta sure shi a guje ta kai shi ɗakin tunawa da Istifanus ta kwantar, yaron kuma ya farfaɗo ba ko rauni. Wata ɗarikar ta yarda da irin wannan, wata ba ta yarda ba, ba kuma abin da nake so mu yi gardama a kai ba ke nan. Abin da na gani a ciki shi ne uwa, cikin tashin hankali mafi girma, inda sunan nan yake ta nufa da ɗanta.

Hujjar da ta fi kusa kuwa tana cikin wasiƙarki. Surukinki ya amsa sunan nan tun daga ranar suna har tsufa, ya koyar da 'ya'yan mutane, ya haifi mutumin da mahaifiyarki ta amince ta ba shi ke.

Amma 'yata, ko na cika miki shafi goma da hujja, ba Helenanci ne yake damun mahaifiyarki ba. Ƙanenta ne. Mace ta goya yaro, ta yi masa wanka, ta ga ya zama mutum, rana ɗaya aka ce mata ya tafi ta hannun mutane. Irin wannan mace in ta ji an ce dutse, ba sura 7 take gani ba. Yanzu ga jika yana tafe, zuciyarta ta soma ƙaunarsa tun ba ta gan shi ba, tsoron ya taso tare da ƙaunar. Ba ta da ikon tsare shi daga duniya, sai ta kama abin da hannunta zai iya kaiwa, wato suna. Wanda ya kira wannan camfi ya tafi, bai saurara ba.

Saboda haka kada ki je mata da Littafi a hannu kamar mai zuwa kare kai a kotu. Kada kuma ki yi maganar a waya. Ki je gida, ki zauna kusa da ita a tabarma, ki ce, "Mama, ba ni labarin Kawu." Ki bar ta ta faɗi abincin da yake so, da ranar da ta gan shi na ƙarshe. In ta yi kuka kada ki hana ta, wataƙila shekaru ke nan ba wanda ya tambaye ta. Ranar nan ko kalmar suna kada ta fito daga bakinki. Sai a zuwa na biyu, tare da wata babba da take jin nauyinta, yayarta ko matar fasto ko shugabar zumuntar mata, ki ba ta labarin gwaurayen Urushalima da ma'anar kambi. Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ku ɗauki addu'ar gafarar da Istifanus ya yi ku mayar da ita wa'azi a kanta. Wadda aka kashe wa ɗan'uwa za ta ji kamar ana ce mata ta gaza. Gafara tsakaninta da Allah ne, a lokacin da ya ba ta ƙarfi.

Maigidanki yana da gaskiya a kan sunan, kuma ni ina bayan a sa shi. Mayar da sunan mahaifi abu ne mai kyau, haƙƙinsa ne, ba kuma abin da ke cikin sunan da ya isa a hana shi. Amma ya yi kuskure babba da ya ɗauke ƙafa daga gidan surukarsa. Ki nemi lokacin da ransa yake a sake, bayan ya ci abinci, ki ce masa, "Maigida, kai mahaifinka kake so ka raya, ita ma mamacinta take kuka. Ku biyun duk rashi ne yake magana a bakinku." Ki roƙe shi ya je ya gaishe ta, ko da sabulu ne a hannunsa, ya durƙusa yadda ya saba, ya tambayi lafiyarta ya taso ba tare da ya taɓo zancen ba. In abin ya yi masa nauyi, ya ɗauki baffansa su je tare. Durƙuson nan ba ya nufin ya janye sunan, ki tabbatar masa da haka, domin tsoron da yake hana maza da yawa zuwa ke nan.

Al'ada ma ta riga ta buɗe muku ƙofa. Yaron da aka mayar wa sunan kaka ai sakaya sunan ake yi. Ke kanki ba za ki buɗe baki ki kira sunan surukinki a tsakar gida ba. Baba za a riƙa ce masa, ko Abba, ko Babangida. Istifanus zai zauna a takardar haihuwa da katin baftisma da rajistar makaranta. Ku ba mahaifiyarki girman zaɓen suna na biyu, wanda za ta riƙa kiran angon nata da shi: Haske, Bege, Albarka, Salama, duk wanda ya kwanta mata. Maigida ne ya kamata ya kai mata wannan tayin da bakinsa, zai fi daraja a wurinta. In ita da kanta ta ce tana so a haɗa da sunan ƙanenta, ku karɓa hannu biyu. Amma kada ku riga ta kawo shi, don ba ku san ko za ta iya jin ana kiran sunan kullum ba.

Yana yiwuwa a yi duk wannan ta ce ba ta yarda ba. In haka ta faru, kada ku yaudare ta. Na san gidajen da ake ce wa kaka an canja suna, sai ranar suna ta ji fasto ya faɗi wanda ta hana a gaban jama'a. Wannan ciwon ya fi na farko wuyar warkewa. Ku faɗa mata tun kafin ranar, cikin ladabi, cewa sunan yana nan, gurbinta ma yana nan. Da zarar kin sauka, ita ce ta farko da za a kira a sanar. A riƙa aika mata hoton yaron, a bar ƙofa a buɗe, kada kowa ya ce mata "ai ke kika ƙi zuwa." Ba zan yi miki alkawarin ranar da za ta sauko ba, amma kaka da jikan fari ba kasafai suke daɗewa a rabe ba.

Kafin nan, kada ki zauna jiran sulhu ba shiri. Tun yanzu ki yi magana da wata gwaggonki ko innarki wadda za ta zauna da ke in mahaifiyarki ba ta zo da wuri ba, domin haihuwar fari tana bukatar babba a ɗaki. Ranar awo kuma ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya cewa ba kya samun barci, a gwada miki hawan jini. In kika ji ciwon kai mai tsanani, ko idonki yana ganin dishi-dishi, ko fuska da hannuwa suka kumbura, kada ki jira ranar awo, ki sa maigida ya kai ki asibiti a ranar.